Ranar da Barzillai ya yi wa Dawuda, da yadda aka rama ta

Akwai wata aya a cikin wasiyyar Sarki Dawuda wadda ido kan tsallake, saboda an matse ta tsakanin hukuncin kisa biyu. A 1 Sarakuna sura 2, tsohon yana kwance, ajali ya matso, yana yi wa ɗansa Sulemanu kashedi na ƙarshe. A aya ta 5 da ta 6 ya ce kada a bar furfurar Yowab, shugaban sojojinsa, ta shiga kabari cikin salama. A aya ta 8 da ta 9 ya faɗi kusan haka a kan Shimai. A tsakaninsu, aya ta 7, sai muryar ta yi laushi. Ya ce a yi wa 'ya'yan Barzillai mutumin Gileyad alheri, su zama cikin masu ci a teburin sarki, domin sun tarye shi a lokacin da yake gudun ɗansa Absalom, wanda ya yi masa tawaye.

Dawuda ya yi shekara 40 a kan sarauta, 7 a Hebron, 33 a Urushalima. Hannuwan da suka miƙo masa kyauta a tsawon wannan zamani ba sa ƙirguwa, amma gida ɗaya tak ya ambata da alheri a wasiyyar. Masu wa'azi kan ɗauki wannan su ce ga misalin mai halacci, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai in an bi labarin tun daga farkonsa a 2 Sama'ila sura 15 har zuwa sura 20, za a tarar Barzillai ba shi kaɗai ne ya tsaya wa sarki ba, kuma ba kowa aka saka wa da irin abin da aka saka masa ba. A nan ne lamarin yake da abin tauna.

Yadda sarki ya zama ɗan gudun hijira

Absalom bai fara da takobi ba. Ya samu karusa da dawakai da mutum 50 masu gudu a gabansa, ya riƙa sammako yana tsayawa a ƙofar birni. Duk mai ƙara da ya zo neman shari'a, sai ya tare shi, ya ce maganarka gaskiya ce, amma ba wanda sarki ya sa ya saurare ka. In mutum ya durƙusa zai gaishe shi, sai ya ɗaga shi ya rungume. Da haka ya saye zuciyar jama'a. Da ya ga tuwo ya nuna, ya nemi izinin zuwa Hebron cika wa'adi, a can aka busa masa ƙaho. Ahitofel ma, mai ba Dawuda shawara, wanda ake ɗaukar maganarsa kamar daga bakin Allah take, ya koma wajen Absalom.

Dawuda bai tsaya jayayya ba. Ya kwashe iyali da barori ya fita, ya haye rafin Kidron, ya hau Dutsen Zaitun ba takalmi, kai a lulluɓe, yana kuka. Ya bar ƙwaraƙwaransa 10 su tsare gida. A riƙe wannan, za mu dawo kansu.

A hanyar nan kowa ya nuna halinsa. Ittayi mutumin Gat, baƙo ne da bai daɗe da zuwa ba, Dawuda ya ce masa ya koma, rigimar ba tasa ba ce; ya rantse cewa inda sarki yake, a mutu ko a yi rai, nan zai kasance. Hushai ya yarda ya koma birni ya yi kamar ya bi Absalom don ya ɓata shawarar Ahitofel. Ziba, baran gidan Saul, sarkin da ya gabaci Dawuda, ya zo da jakuna biyu ɗauke da gurasa 200, da curin busasshen inabi 100, da 'ya'yan itace 100, da salkar ruwan inabi. Da sarki ya tambaye shi ina maigidansa Mefiboshet jikan Saul, sai ya ce ai ya zauna a Urushalima yana jiran a mayar masa da sarautar kakansa. Nan take, a bakin hanya, ba bincike ba shaida, Dawuda ya ce duk dukiyar Mefiboshet ta zama ta Ziba. A Bahurim kuwa Shimai ya fito yana zagi, yana jifa da duwatsu, yana watsa ƙura.

Ahitofel ya nemi mutum 12,000 ya bi sawun sarki a daren nan. Da an ba shi, da labarin ya ƙare a nan. Hushai ya yi daɗin baki, ya ce a jira a tara Isra'ila duka tun daga Dan har Biyersheba, aka bi tasa. Saƙo ya iske Dawuda ta hannun samari biyu waɗanda wata mace a Bahurim ta ɓoye a rijiya, ta rufe bakinta ta shanya hatsi a kai. Kafin gari ya waye, sarki da mutanensa sun haye Urdun.

Mahanayim

Garin da suka sauka yana da tarihi mai nauyi. A Mahanayim ne aka naɗa Ishboshet ɗan Saul don ya yi gaba da Dawuda a farkon sarautarsa. Wato sarki ya je neman mafaka a tsohuwar hedkwatar abokan hamayyarsa. Duniya rawar 'yan mata.

Sai mutum uku suka zo da kaya. Jerin yana 2 Sama'ila 17:27 zuwa 29, kuma ya cancanci a karanta shi a hankali: shimfiɗu, da kwanoni, da tukwanen ƙasa, da alkama, da sha'ir, da gari, da gasasshen hatsi, da wake iri-iri, da zuma, da kindirmo, da tumaki, da cuku. Dalilin da suka bayar gajere ne: mutanen nan sun ji yunwa, sun gaji, ƙishirwa ta kama su a jeji.

Ba zinariya, ba doki, ba takobi. Wanda ya haɗa wannan kaya ya san abin da gudu yake yi wa mutum. Ya fara da abin kwanciya, sannan abin wanka da abin girki, domin buhun hatsi ba ya amfanar wanda ba shi da tukunya. Ya sa gasasshen hatsi wanda za a ci yanzu-yanzu, ya sa ɗanye na gobe da jibi. Duk wanda ya baro Mubi a ƙarshen Oktoba 2014 da rigar jikinsa kawai, ya sauka a gidan wani a Yola, ba sai an yi masa tafsirin ayar nan ba. Ya san darajar tabarma da bokiti a daren farko.

Abin da yake ƙara wa kayan nauyi shi ne ayar da ta gabace su. Aya ta 26 ta ce Absalom da rundunar Isra'ila sun riga sun kafa sansani a ƙasar Gileyad. Barzillai mutumin Gileyad ne, daga garin Rogelim, kuma babban attajiri. Arzikin wannan yanki na gonaki ne da garkuna, irin wanda ba a naɗe shi a gudu da shi. Da Absalom ya ci yaƙin, ba sai an yi dogon bincike kafin a san tumakin wa aka yanka wa tsohon sarki ba. Mai hankalin duniya zai rufe ƙofa ya jira ya ga inda iska za ta kaɗa. Shi kuwa ya ɗora wa jakuna kaya tun ba a ja daga ba.

Sauran biyun ma kowanne da labarinsa. Makir ɗan Ammiyel na Lodebar shi ne ya riƙe Mefiboshet, gurgun jikan Saul, a gidansa shekara da shekaru, a zamanin da riƙon jinin Saul ba abin alfahari ba ne. Daga gidansa Dawuda ya aika aka ɗauko Mefiboshet ya zaunar da shi a teburinsa. Makir ya ga wannan da idonsa. Mai yiwuwa alherin da aka yi wa marayan da ya riƙa ne ya dawo a kan jakuna. Alheri danƙo ne. Ko kuma dai Makir irin mutanen nan ne da duk wanda duniya ta juya wa baya yakan samu ƙofarsu a buɗe, ko na Saul ne ko na Dawuda. Ni na fi karkata ga na biyun.

Shobi ɗan Nahash kuwa daga Rabba ta Ammonawa ya zo. Ba Ba'isra'ile ba ne, kuma garinsa ne sojojin Dawuda suka kewaye suka ci da yaƙi. A gindin ganuwar Rabba ɗin ne Dawuda ya sa aka tura Uriya, sojansa, bakin daga ya mutu. Mutumin da yake da hujjar yin dariya ranar da Dawuda ya faɗi, shi ne sunansa ya zo farko a jerin masu kawo abinci. Kiristan Filato zai tuna da Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wanda a watan Yuni 2018 ya ɓoye Kiristoci 262 masu gudun mahara a masallacinsa da gidansa. Ba kullum mai yi maka rana yake fitowa daga cikin majami'arka ba.

An gwabza a kurmin Ifraimu, mutum 20,000 suka mutu, Absalom ya maƙale a itace, Yowab ya soke shi duk da sarki ya roƙa a sassauta masa. Hanyar gida ta buɗe.

A bakin Urdun

Ranar dawowa, mashigin kogin ya cika. Shimai mai jifa ne ya riga kowa, da mutum 1,000 na kabilar Biliyaminu a bayansa. Ziba ya zo da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20, suka faɗa ruwa suna haye da kayan sarki. Haka abin yake tun fil azal: ranar wuya mutum uku, ranar daɗi dubu. Shimai ya faɗi ƙasa ya nemi gafara, sarki ya rantse masa ba zai mutu ba. Da wuya a ce mutum dubun nan ba su taimaka wa rantsuwar ba.

Barzillai ya gangaro daga Rogelim don ya yi wa sarki rakiya kawai. Shekararsa 80. Dawuda ya ce masa ya haye tare da shi, zai ciyar da shi a Urushalima. Tayin ya yi daidai da kyautar, kamar an auna: ka ciyar da ni a garinka, zan ciyar da kai a nawa.

Amsar tsohon tana cikin maganganu mafi daɗi a littafin. In an juya ta zuwa bakin dattijonmu, ga abin da ya ce: Ranka ya daɗe, kwana nawa ya rage mini da zan kama hanyar Urushalima? Yau shekarata tamanin. Harshena ba ya rarrabe ɗanɗanon abin da nake ci da abin da nake sha, kunnena ba ya jin muryar mawaƙa maza da mata. Don me zan zame maka kaya? Zan ɗan taka maka zuwa ƙetare, shi ke nan. Me na yi da za a saka mini da wannan? Ka bar ni in koma in mutu a garinmu, kusa da kabarin mahaifina da mahaifiyata. Amma ga baranka Kimham, shi ya tafi da kai, ka yi masa abin da ka ga ya dace.

Ba kawaici yake yi ba, irin na mai cewa "a'a, a bar shi" yana miƙa hannu. Gaskiya ya faɗa. Daga kwarin Urdun zuwa Urushalima hawa ne na fiye da mita 1,000, kuma zaman fada aiki ne na mai ƙafa da kunne. Abin da sarki ya ɗauka babbar kyauta, a wajen tsohon raba shi da ƙasarsa ne. Akwai kuma mutunci a ciki. A Rogelim shi ne mai ciyarwa; a Urushalima zai zama ɗaya daga cikin masu jiran akushi.

Abin da Dawuda ya yi daga nan shi ne, a ganina, wurin da ya fi burgewa a lamarin duka. Bai ji haushi ba. Sarakuna ba su saba a mayar musu da kyauta ba, kuma mai mulki da yawa zai nace, domin tafiya da Barzillai cikin ayari za ta nuna wa duniya cewa shi mai halacci ne. Dawuda ya bar tsohon ya zaɓi siffar sakayyar. Har ma ya juya maganarsa: Barzillai ya ce ka yi wa yaron abin da ka ga ya dace, sarki ya ce a'a, abin da kai ka ga ya dace shi zan yi masa, kuma duk abin da ka nema a wurina zan yi maka. Ya sumbace shi, ya sa masa albarka, tsohon ya juya gida. Sarki ya wuce Gilgal, Kimham na biye. Galibin masu nazari sun ɗauka Kimham ɗan Barzillai ne, wasiyyar da ta yi maganar 'ya'yansa kuma ta ƙarfafa haka.

Mun san ramuwar biki. Ta kawo miki turmin atamfa a bikin 'yarki, kin rubuta, ranar nata kin kai biyu, an sauke nauyi. Ba laifi ba ne, da shi zumunci yake tafiya. Amma godiya da yawa da muke yi ta wannan fasali ce, a biya a huta, don kada a ci gaba da jin nauyin mutum. Wurin zama a tebur daban yake. Ba a ba da shi sau ɗaya a gama. Kowace rana sai an ga fuskar Kimham, kowace rana sai an tuna cewa akwai lokacin da mai gidan nan ba shi da tabarma. Kalmar da wasiyyar ta yi amfani da ita a Ibrananci ita ce hesed, wadda ake faɗa game da ƙaunar Allah mai riƙon alkawari, kuma ita ce Dawuda ya faɗa sa'ad da yake neman wanda ya rage a gidan Saul saboda abokinsa Jonatan, mahaifin Mefiboshet. Bashi ne da mai shi ba ya so ya gama biya, har ya bar wa ɗansa gadonsa.

Waɗanda ba a sumbata ba

Da labarin ya tsaya nan, da wa'azi ya yi sauƙi. Amma kafin a kawo maganar Barzillai, a cikin surar nan ta 19, an kawo ta Mefiboshet. Tun ranar da sarki ya fita bai gyara ƙafafunsa ba, bai taɓa gemunsa ba, bai wanke tufafinsa ba. A cikin birnin da Absalom yake mulki ya yi wannan makoki, a fili, shi da ba ya iya gudu. Tun yana shekara 5 ya gurgunce. Ya ce ya nemi a ɗaura masa sirdi ya bi sarki, Ziba ya yaudare shi ya tafi, ya kuma ɓata masa suna. Jikinsa ma shaida ne, domin gemun da ya yi makonni ba a taɓa ba, ba a ƙirƙirarsa da safe ɗaya. Ƙazafin Ziba kuwa tun asali ba ya shiga hankali: yaushe tawayen ɗan Dawuda zai ƙare da naɗa gurgun jikan Saul?

Sarki ya katse shi. Ya ce maganar ta isa, shi da Ziba su raba gonakin. Mefiboshet ya ce Ziba ya kwashe duka, tunda sarki ya dawo lafiya.

Wasu suna kare Dawuda, su ce ai Ziba ma ya kawo gurasa a ranar wuya, ba za a kore shi hannu wofi ba. To, a saka masa, amma daga aljihun wa? An biya ladan Ziba da rabin gadon mutumin da ya yi wa ƙazafi. Wasu kuma suna cewa gwaji ne, irin wanda Sulemanu ya yi wa matan nan biyu daga baya. In gwaji ne, Mefiboshet ya ci, kuma ba a rubuta cewa an mayar masa da rabin ba. Abin da na gani shi ne sarki ya gaji, ya san ya yi gaggawa a bakin hanya, kuma gyara kuskuren zai sa ya ce "na yi kuskure" a gaban jama'a. Amincin Barzillai ya zo a kan jakuna, ana iya ƙirga shi. Na Mefiboshet dauɗar riga ce da hawaye, ba abin da ya ƙara wa rundunar. Godiya ta fi saurin ganin mai jakuna.

Sai matan nan 10. Ba su zaɓi zama ba, sarki ne ya bar su tsaron gida. A kan shawarar Ahitofel aka kafa wa Absalom alfarwa a kan soro, ya keta musu mutunci a idon jama'a, don a san ya raba gari da ubansa har abada. Cikin duk waɗanda suka tsaya a inda sarki ya ajiye su, ba wanda ya biya farashi kamar su. Da Dawuda ya dawo, 2 Sama'ila 20:3 ta ce ya sa su a wani gida da masu tsaro, yana ciyar da su, bai ƙara kusantarsu ba, suka zauna a kulle kamar gwauraye har mutuwarsu. A Ibrananci, kalmar ciyarwa da aka sa a nan ita ce dai wadda aka sa sa'ad da aka ce Barzillai ya ciyar da sarki a Mahanayim, ita ce kuma sarki ya faɗa a tayinsa na bakin kogi. Kalma ɗaya, sau uku. Ga Kimham ta zama kujera kusa da sarki, ga matan ta zama akushi da ake turawa ta ƙofa. Ko sunayensu ba a rubuta ba.

Shobi da Makir kuwa, daga ayar kayan nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Amasa, wanda ya jagoranci sojojin Absalom, shi aka yi wa alkawarin kujerar Yowab, don a jawo zuciyar mutanen Yahuza. Siyasa ce, kuma ba ta yi ƙarko ba, domin Yowab ya kashe shi a Gibeyon ba da jimawa ba.

Ina faɗin wannan ne saboda na sha ganin irinsa. Iyali sun fita daga wahala, an sa ranar godiya a majami'a, an yi anko, an taka rawa zuwa gaba da baiko. An kira sunan Honarabul da ya aiko da buhun shinkafa, an tafa. Gwauruwar da ta ba su ɗakinta wata shida ta koma kwana a kicin tana can layin baya, ba wanda ya waiwaye ta. Ba mugunta ba ce. Ganinta ne yake tuna musu da kwanakin da suke so su manta.

Inda Almasihu ya ɗauki maganar

A daren da aka bashe shi, Yesu ya haye wannan rafin na Kidron, kamar yadda Yahaya 18:1 ta nuna. Kafin ya fita, a wurin jibin, ya faɗa wa almajiransa magana mai kama da ta Dawuda ƙwarai. A Luka 22:28 zuwa 30 ya ce su ne suka tsaya tare da shi a gwaje-gwajensa, don haka za su ci su sha a teburinsa a cikin mulkinsa. Tsayawa a ranar wuya, sakayya da wurin zama a tebur. Tsarin ɗaya ne.

Amma a duba waɗanda ake gaya wa. Ayoyin da suka gabata, gardama suke yi a kan wane ne babba. Ayoyin da suka biyo, ana gaya wa Bitrus cewa kafin zakara ya yi cara zai yi musun sani sau uku. Ba su kawo alkama ko zuma ba. Shi yake ciyar da su. Ɗan amincin da suke da shi, mai rauni, mai gudu in an ga wuta, shi aka ƙirga musu. Dawuda ya auna amincin Mefiboshet ya raba shi biyu. A nan an auna na Bitrus, wanda bai kai na Mefiboshet ba a daren, aka ba shi kujera cikakkiya. Shi ya sa Kirista ba zai iya tsayawa a kan aya ta 7 ta wasiyyar kawai ba. Wanda ya ce a Luka 14 in za ka yi biki ka kira gurgu da makaho waɗanda ba za su iya rama maka ba, da wuya ya yarda a sallami gurgun Lodebar da rabin gona.

Bulus ya bi sawun Dawuda a abu ɗaya mai kyau. Yana kurkuku a Roma, mutanen Asiya sun juya masa baya, sai Onisifaras ya zo birnin ya yi ta nemansa har ya same shi, bai ji kunyar sarƙarsa ba. Bulus ba shi da tebur balle gona. Abin da yake da shi addu'a ce da alƙalami, ya roƙa wa gidan mutumin jinƙai, gidan duka, ya kuma rubuta sunansa a 2 Timoti 1:16. Ashe rashin abin hannu ba ya hana halacci.

Sawun da ya rage

Sunayen Kimham da Barzillai sun sake ɓullowa bayan ɗaruruwan shekaru. Bayan Babila ta rushe Urushalima aka kuma kashe Gedaliya, gwamnan da ta naɗa, Yohenan ɗan Kareya ya kwashi ragowar jama'a, sojoji da mata da yara, suka nufi Masar a tsorace. Irmiya 41:17 ta ce sun yada zango a wani wuri kusa da Baitalami mai suna Gerut Kimham, wato masaukin Kimham. Baitalami garin Dawuda ne, shi ya sa masu sharhi da yawa suke ganin daga gonar gidansu sarki ya yanka wa yaron. In haka ne, kusan shekara 400 bayan kayan Mahanayim, wasu 'yan gudun hijira sun kwana a inuwar wannan kyauta.

Na biyun ya fi ban mamaki. Sa'ad da Sairus na Farisa ya ba Yahudawa izinin komawa gida a wajen shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu, aka yi ƙidayar waɗanda suka dawo. A Ezra 2:61, haka kuma a Nehemiya 7:63, akwai wani gidan firistoci da ake kira 'ya'yan Barzillai. Kakansu ya auri ɗaya daga cikin 'ya'ya mata na Barzillai mutumin Gileyad, ya ɗauki sunan surukinsa. A al'ummar da ake kiran mutum da sunan ubansa, firist ya ajiye nasa ya ɗauki na gidan matarsa. Sunan tsohon Rogelim ya kai wannan daraja. Tushen sunan a Ibrananci baƙin ƙarfe ne.

Da aka nemi asalinsu a littafin zuriyar firistoci, ba a samu ba. Aka cire su daga aikin, gwamna ya ce kada su ci daga abinci mafi tsarki sai ranar da aka samu firist mai Urim da Tummin, abubuwan da ake neman nufin Allah da su, wanda zai yanke maganarsu.